Gerardus Mercator (1512–1594): Rayuwar Mutumin da Ya Shimfiɗa Duniya a Kan Takarda

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin rayuwar Gerardus Mercator, masanin taswira ɗan yankin Flanders da ke ƙasar Beljiyam ta yau, tun daga haihuwarsa a shekarar 1512 har zuwa rasuwarsa a 1594. An mayar da hankali a kan taswirar duniya da ya wallafa a 1569, wadda tsarinta ya zama ginshiƙin taswirorin teku, daga baya kuma ya zama tsarin da mafi yawan manhajojin intanet ke ɗora bayanai a kansa. Maƙalar ta nuna cewa Mercator ya gina tsarinsa ne domin buƙata guda ɗaya, wato tuƙin jirgin ruwa, kuma ya san abin da ya sadaukar domin cim ma wannan buƙata. Sanin tarihin wannan zaɓi yana da muhimmanci ga duk mai nazarin da ke son nuna yaɗuwar harshe, jama'a ko al'ada a kan taswira.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin danne ƙwarya domin ta kwanta a ƙasa ya san cewa ba za ta kwanta ba sai ta tsage. Wannan ita ce matsalar da ke gaban kowane mai zana taswira. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, don haka babu yadda za a kwashe fuskar ta farko a zuba a kan ta biyu ba tare da an ja wani wuri an matse wani ba. Masana lissafi sun tabbatar da haka da hujja, Leonhard Euler a ƙarni na 18, sannan Carl Friedrich Gauss a 1827. Hanyar da mai taswira ya bi wajen wannan kwasa ita ce za a riƙa kira tsarin shimfiɗa a cikin maƙalar nan. Wani tsarin yana kiyaye girman ƙasashe ya ɓata siffarsu, wani yana kiyaye kusurwa da alƙibla ya ɓata girma. Taura biyu ba ta taunuwa.

A cikin ɗaruruwan tsare-tsaren da aka ƙirƙiro babu wanda ya kai na Mercator shahara. Shi ne ya daɗe a bangon azuzuwa, shi ne kuma ke bayyana a yau idan mutum ya buɗe taswira a wayarsa. An yaba masa, an kuma zarge shi da ƙasƙantar da nahiyar Afirka. Domin a yi adalci ga yabon da zargin, ya kamata a san mutumin da zamaninsa da kuma matsalar da ya yi niyyar warwarewa.

2.0 Asali da Ƙuruciya

An haifi Mercator ranar 5 ga Maris, 1512, a garin Rupelmonde da ke bakin kogin Scheldt, kusa da birnin Antwerp. Sunansa na yanka Gerard, sunan gidansu kuwa Kremer. Mahaifinsa Hubert baduku ne mai ɗinkin takalma, mahaifiyarsa sunanta Emerentia, kuma shi ne ɗansu na bakwai. Asalin iyayen mutanen Gangelt ne a masarautar Jülich, haihuwar ta riske su a lokacin da suka kai ziyara wajen wani ɗan'uwan Hubert mai suna Gisbert, wanda limamin coci ne a Rupelmonde. Bayan shekaru shida iyalin suka taso gaba ɗaya suka dawo garin da zama.

Gidan ba mai wadata ba ne. Da Hubert ya rasu a wajajen 1526, Gisbert ya ɗauki nauyin yaron, ya tura shi makarantar wata ƙungiyar addini a garin 's-Hertogenbosch na ƙasar Holan ta yau. A can ya ƙware a Latin, ya karanci Baibul da rubuce-rubucen magabatan Rum da Girka. Bisa al'adar masu ilmi na wancan zamani, sai ya mayar da sunansa zuwa Latin. Kremer na nufin ɗan kasuwa ko ɗan koli, kuma Mercator shi ne kwatankwacinsa a Latin.

A 1530 ya shiga Jami'ar Leuven a rukunin ɗalibai marasa galihu, ya kammala digirinsa a 1532. Karatun jami'ar ya ginu ne a kan falsafar Aristotal, wadda hukumomin coci suka ɗauka a matsayin abin da ba a jayayya da shi. Saurayin ya lura cewa bayanin Aristotal game da asalin duniya bai dace da ƙissar halitta da ke cikin Baibul ba, abin da ya jefa shi cikin ruɗani. Ya bar Leuven ya koma Antwerp na kimanin shekara biyu yana karatun kansa. A wannan tsakani ya ƙulla hulɗa da Franciscus Monachus, wani malamin ɗariƙar Faransiskan a garin Mechelen mai sha'awar ilmin ƙasa, hulɗar da za ta jawo masa fitina bayan shekaru goma.

3.0 Leuven: Lissafi da Sana'ar Hannu

Ya dawo Leuven a 1534 da niyyar koyon lissafi da ilmin taurari. Malaminsa shi ne Gemma Frisius, wanda ya girme shi da shekara huɗu kacal, amma ya riga ya yi suna, musamman saboda bayanin da ya yi a 1533 na yadda ake auna ƙasa ta hanyar ƙulla alwatika daga hasumiya zuwa hasumiya. A lokaci guda Mercator ya shiga shagon Gaspar van der Heyden, maƙerin zinariya, inda ya koyi sarrafa tagulla da sassaƙa rubutu a kan farantin jan ƙarfe. Su ukun suka haɗu suka ƙera ƙwallon duniya a 1536, aikin rubuta sunayen wurare ya faɗo a kan Mercator. A shekarar ce kuma ya auri Barbara Schellekens, wadda ta haifa masa 'ya'ya shida, uku maza uku mata.

Ayyukansa na ƙashin kansa suka biyo baya a jere. A 1537 ya wallafa taswirar Falasɗinu domin masu karatun Baibul. A 1538 ya fitar da taswirar duniya mai siffar zuciya biyu, wadda a cikinta ya raɗa sunan Amurka ga ɓangaren arewa da na kudu na sabuwar nahiyar. A 1540 ya zana taswirar Flanders, ya kuma buga ɗan littafi mai koyar da karkataccen rubutun Italiya. Wannan littafi ya yi tasiri fiye da yadda girmansa ke nunawa, domin siraran haruffan da ya koyar sun fi manyan baƙaƙen Jamusanci dacewa da taswira mai cunkoson sunaye, kuma masu sana'ar suka rungume su.

Ƙwallon duniyar da ya ƙera a 1541, mai faɗin santimita 42, shi ne matakin farko zuwa babban aikinsa. A kansa ya zana layukan da jirgi ke bi idan matuƙi ya tsayar da kamfas a kan alƙibla guda bai sauya ba. Shekaru huɗu kafin haka, masanin lissafi na Fotugal Pedro Nunes ya nuna cewa irin wannan layi ba shi ne hanya mafi kusa ba, kuma a kan dunƙulen duniya yakan lanƙwasa yana kewaya zuwa ƙuryar arewa ko ta kudu kamar bayan katantanwa. Mercator ya mayar da wannan nazari abin da ido ke gani.

4.0 Watanni Bakwai a Kurkuku

Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Koyarwar Martin Luther ta bazu a yankin, Sarki Charles na Biyar kuma ya ƙuduri aniyar murƙushe ta. A farkon 1544 aka fitar da jerin sunayen mutanen Leuven fiye da arba'in da ake tuhuma da karkata ga sabuwar aƙidar, har da sunan Mercator. Da jami'ai suka je gidansa ba su same shi ba, domin ya tafi Rupelmonde kan batun gadon Gisbert wanda bai daɗe da rasuwa ba. Aka ɗauki wannan tafiya a matsayin gudu, aka kama shi, aka tsare a kurkukun fadar garin da aka haife shi.

An tuhume shi da aika wasiƙun da ba a yarda da su ba zuwa ga malaman Mechelen, amma bincike bai gano komai ba. Limamin unguwarsa da shugabannin jami'a suka tsaya masa, aka sake shi bayan watanni bakwai. Wasu daga cikin waɗanda aka kama tare da shi ba su tsira ba: an ƙone maza biyu, an fille kan ɗaya, an binne mata biyu da rai. Mercator bai bar wani rubutaccen bayani na abin da ya same shi a tsare ba. Ya koma bakin aiki yana ƙera kayan awo, ciki har da waɗanda aka yi wa Sarki Charles kansa, ya kuma ƙulla abota da matashin masanin Ingila John Dee. A 1551 ya kammala ƙwallon taurari, abokin tafiyar na 1541.

5.0 Hijira zuwa Duisburg

A 1552, yana da shekara arba'in, ya kwashe iyalinsa zuwa Duisburg a masarautar Cleves, cikin Jamus ta yau, inda ake da sassauci a sha'anin addini. A can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Bayan shekara biyu ya wallafa taswirar Turai mai falle 15, wadda ta ɗaukaka sunansa. Malaman zamanin suna bin alƙaluman masanin ƙarni na biyu Batlaimus na Iskandariyya, wanda ya ba tekun Bahar Rum tsawon digiri 62 daga gabas zuwa yamma. Mercator ya kwatanta bayanan matafiya da taswirorin matuƙa ya rage shi zuwa 53. Tsawon gaskiya kusan digiri 42 ne, don haka gyaran bai cika ba, amma ya nuna cewa ana iya yi wa magabaci gyara da hujja.

Ya koyar da lissafi a makarantar garin daga 1559 zuwa 1562, sannan a 1564 Sarki Wilhelm na Jülich da Cleves ya naɗa shi masanin fasalin duniya na fada. A shekarar ya je aikin auna ƙasar Lorraine, ya dawo da ciwo mai tsanani. Ban da irin waɗannan gajerun tafiye-tafiye, Mercator ba matafiyi ba ne, kuma bai taɓa ƙetare babban teku ba. Duniyar da ya sani ta zo masa ne ta littattafansa kimanin dubu, da wasiƙun da yake musaya da masana da 'yan kasuwa.

6.0 Taswirar 1569

6.1 Matsalar Matuƙa

Taswirorin tekun wancan lokaci sun yi aiki a Bahar Rum, inda tafiya gajeriya ce. Da jiragen Fotugal da Sifen suka fara ratsa tekun Atlantika, sai kuskurensu ya bayyana. Layukan tsaye na longitud, waɗanda a kan dunƙulen duniya suke matsowa kusa da juna har su haɗu a ƙurya, ana zana su a miƙe da tazara ɗaya. Sakamakon haka ƙasashe suna buɗewa ta gabas da yamma gwargwadon nisansu daga ikwaita, alhali tsawonsu ta kudu da arewa bai sauya ba. Kusurwar da matuƙi ya auna a takarda sai ta saɓa da wadda kamfas ke nunawa a teku, jirgi ya sauka nesa da tashar da ya nufa.

6.2 Mafitar Mercator

Dabararsa mai sauƙin faɗa ce. Tunda buɗewar gabas da yamma ba ta da makawa, sai a ja kudu da arewa daidai gwargwadonta a kowane wuri. A digiri 60 na latitud, da'irar da ta kewaye duniya rabin ta ikwaita ce, don haka taswirar ta riga ta ninka faɗi sau biyu. Sai a ninka tazarar layukan kwance sau biyu a wurin. Da zarar jan ya daidaita ta kowace fuska, kusurwoyi sun tsira, ƙananan siffofi sun tsira, kuma lanƙwasasshen layin nan na kamfas ya koma miƙaƙƙe. Matuƙi zai ɗora abin ja-layi tsakanin tashoshi biyu, ya karanta kusurwa, ya riƙe ta har ya isa.

Taswirar ta fito a falle 18, waɗanda idan an haɗa su suna kai santimita 202 a faɗi da 124 a tsayi. Sunanta da kansa ya bayyana cewa an daidaita ta ne domin amfanin matuƙa jiragen ruwa. A cikin bayanan da ya sassaƙa a jikinta, Mercator ya sanar da mai karatu cewa ya tsawaita digirorin latitud da gangan yayin da ake kusantar ƙurya. Abin da bai bayyana ba shi ne yadda ya lissafa tazarar, kuma masana na ganin ya yi ta ne da zane da awo, domin lissafin da ake buƙata bai samu ba tukuna. Layin farko na longitud ya ratsa da shi ta tsibiran Kef Bade, a gaɓar Afirka ta Yamma, saboda rahotannin da ke cewa a can allurar kamfas ke nuna arewa ta gaskiya.

6.3 Abin da Aka Sadaukar

Farashin wannan nasara shi ne girma. Idan an ninka faɗi da tsayi sau biyu, fili ya ninku sau huɗu, kuma abin yana ƙaruwa ba iyaka, ta yadda ƙuryoyin biyu ba za su taɓa shiga taswirar ba. Mercator ya tsaya a digiri 80 ta arewa, ya zana ƙuryar arewa dabam a wani ɗan da'ira. A wannan tsari tsibirin Girinlan, mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 2 da 'yan kai, yana bayyana kamar ya yi kafaɗa da Afirka mai fiye da miliyan 30, wadda ta ninka shi kusan sau 14. Kano kuwa, da ke digiri 12 arewa da ikwaita, ƙarin da tsarin ke yi wa tsawo a wajenta bai wuce kashi 2 cikin 100 da ɗan ɗori ba. Ke nan tsarin bai rage wa Afirka komai ba. Maƙwabtanta na arewa ya kumbura, ido kuwa da kwatance yake hukunci.

Akwai kuma rashin fahimtar da miƙaƙƙen layin ke haifarwa. Layin kamfas hanya ce mai sauƙin bi, amma ba ita ce mafi kusa ba. Alƙiblar salla, wadda masana falaki ke lissafawa bisa hanya mafi kusa a kan dunƙulen duniya, misali ce mai kyau. Daga Kano tana kusan digiri 68 daga arewa zuwa gabas, alhali layin da aka ja zuwa Makka a taswirar Mercator yana ba da kusan 72. A birnin New York bambancin ya fi haka nesa: lissafi yana nuna arewa maso gabas, taswirar kuwa tana nuna gabas da ɗan karkata kudu.

7.0 Ƙasar Hausa a Taswirorin Zamanin

Tsarin shimfiɗa abu ne dabam, bayanan da aka ɗora a kansa abu ne dabam. Ta fuskar bayanai, taswirar 1569 ɗiyar zamaninta ce. Tana ɗauke da wata ƙatuwar nahiya a kudu wadda babu wanda ya gani, da tsibirin Frisland wanda babu shi, da wasu tsibirai huɗu kewaye da dutsen maganaɗisu a ƙuryar arewa.

Game da cikin Afirka ta Yamma, babban madogarar Turawa shi ne littafin Alhasan ɗan Muhammad al-Wazzan, wanda aka fi sani da Leo Africanus, da aka buga a Benis a 1550. Daga gare shi sunayen Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir suka shiga taswirorin Turai da rubutu irin su Cano, Casena, Zegzeg, Zanfara da Guber, kamar yadda ake gani a taswirar Afirka ta Abraham Ortelius, aminin Mercator, wadda ta fito a 1570. Tare da sunayen aka gaji kuskuren cewa kogin Kwara yana gangarawa yamma ne zuwa Atlantika. Wannan bai gyaru ba sai da Mungo Park ya ga kogin yana tafiya gabas a Segu a 1796, sannan 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi har bakin teku a 1830. Biranen Hausa sun samu gurbi a takarda, amma an ajiye su ne da ƙiyasin kwanakin tafiyar ayari, ba da awon taurari ba.

8.0 Atlas da Ƙarshen Rayuwa

A idon Mercator taswirar 1569 reshe ce kawai na wani babban buri, wato rubuta bayanin halitta gaba ɗaya, sama da ƙasa da tarihinsu. A shekarar ya buga jadawalin tarihin duniya wanda ya yi amfani da kusufin rana da na wata wajen daidaita shekaru. Cocin Katolika ta sa littafin cikin haramtattu saboda ambaton Luther da makamantansa. A 1578 ya sake zana taswirorin Batlaimus. Sabbin taswirorinsa na Faransa, Jamus da yankinsu na haihuwa sun fito a 1585, na Italiya da Girka a 1589. Aikin ya yi jinkiri domin yakan sassaƙa da yawa daga farantan da hannunsa, har Ortelius ya riga shi fitar da kundin taswirori da shekaru masu yawa.

Shekarun ƙarshe sun zo da rashe-rashe. Ɗansa Bartholomeus ya rasu a 1568, matarsa Barbara a 1586, babban ɗansa Arnold a 1587. Ya sake aure a 1589, a shekara mai bi kuma shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Duk da haka ya kammala littafin daidaita Linjila huɗu a 1592 da kuma sharhinsa a kan halittar duniya. Ya rasu ranar 2 ga Disamba, 1594, yana da shekara 82, aka binne shi a cocin Salvator da ke Duisburg.

Ɗansa Rumold ne ya fitar da kundin a 1595, da taswirori fiye da ɗari, ƙarƙashin sunan Atlas. Mercator ya zaɓi sunan ne domin tunawa da wani sarki masanin taurari da tatsuniyoyin magabata suka danganta da tsohuwar Muritaniya a arewacin Afirka, kuma daga nan kalmar ta zama sunan kowane kundin taswirori. Abin lura shi ne taswirar duniyar da ke cikin kundin ba a kan tsarin 1569 take ba. Da'ira biyu ce, kowace tana nuna rabin duniya. Gidan Mercator da kansa bai ɗauki tsarin matuƙa a matsayin hoton duniya na kowa da kowa ba. A 1604 Jodocus Hondius na Amsterdam ya sayi farantan, ya sake buga kundin da ƙari a 1606, daga nan ya yaɗu cikin harsuna da dama.

9.0 Daga Teku zuwa Manhaja

Matuƙa ba su karɓi tsarin nan take ba. A 1599 Edward Wright na Kambirij ya buga jadawalin da ke ba kowa damar zana layukan daidai. A wajajen 1645 Henry Bond ya lura cewa jadawalin ya yi daidai da wani na logaridam, James Gregory kuma ya kawo hujjar hakan a 1668. Sai da aka samu agogon teku mai inganci a ƙarni na 18, wanda ya ba da damar sanin longitud, sannan tsarin ya mamaye taswirorin jiragen ruwa. Daga can masu buga littattafai suka ɗauke shi zuwa azuzuwa, a daidai lokacin da daulolin Turai ke faɗaɗa mulkin mallaka, kuma kumburin da yake yi wa arewa bai saɓa wa yadda suke kallon kansu ba. Arno Peters ya tayar da muhawara a kan haka a 1973 da taswira mai kiyaye girma, wadda James Gall ya riga ya bayyana irinta a 1855.

Wani reshen tsarin, wanda Johann Lambert ya ƙirƙiro a 1772 ta hanyar kwantar da shi a gicciye, shi ne tushen UTM, da ya kasa duniya shiyya 60 masu faɗin digiri 6. Nijeriya ta faɗa cikin shiyyoyi uku: Sakkwato a ta 31, Kano a ta 32, Maiduguri a ta 33. Masu safiyo suna amfani da irin wannan tsari domin kuskurensa kaɗan ne a cikin shiyya guda.

Da Google Maps ta fito a 2005, ta ɗauki wani sauƙaƙaƙƙen nau'i da ake kira Web Mercator, sauran manhajoji irin su OpenStreetMap suka bi sahu. Dalilan na fasaha ne. Idan aka yanke taswirar a wajen digiri 85 arewa da kudu, duniya takan zama murabba'i, wanda ake iya rabawa gida huɗu, kowane gida a sake raba shi huɗu, gwargwadon yadda mai kallo ke matsowa. Arewa tana sama a ko'ina, kuma titunan da suka gitta juna a miƙe suna bayyana a miƙe. Ga mai neman hanya a cikin gari, wannan ita ce buƙatar matuƙin ƙarni na 16 a sabuwar riga.

Matsalar tana tasowa ne idan manazarci ya ɗora alƙaluma a kan wannan shimfiɗa. Wurin da na'urar GPS ta bayar lambobi biyu ne, latitud da longitud, kuma kafin su zama ɗigo a allon kwamfuta dole manhaja ta bi da su ta wani tsari. Manhajar QGIS da kayan aikin harsunan Python da R, irin su Cartopy, GeoPandas da sf, suna yin wannan juyi ta hanyar rumbun lissafi na PROJ, kuma kowane tsari yana da lambarsa: 4326 ga latitud da longitud tsagwaronsu, 3857 ga Web Mercator. Sauya tsari bai wuce sauya layi ɗaya na umarni ba. Wanda ke zana iyakokin karin harshen Hausa tsakanin Sakkwato, Katsina da Damagaram ba zai ga babban lahani ba, saboda yankin na kusa da ikwaita. Wanda kuwa ke kwatanta faɗin yankin Hausa da na wani harshen Turai, ko yake nuna yawan jama'a a kowace murabba'in kilomita a faɗin duniya, yana buƙatar tsari mai kiyaye girma, kamar Equal Earth da aka ƙirƙiro a 2018, wanda Tarayyar Afirka ta goyi bayan yaƙin neman a koma gare shi a 2025.

10.0 Kammalawa

Mercator ɗan baduku ne da ya haɗa ƙwarewar hannu da lissafi da haƙurin tattara labari, ya rayu a zamanin da tambaya kan iya kai mutum ga wuta, ya kuma tsallake da ƙyar. Ya fuskanci matsala takamaimiya, ya warware ta, ya rubuta a jikin taswirar su wa ya yi wa ita da abin da ya ja domin ta yi aiki. Waɗanda suka biyo baya ne suka cire ta daga jirgi suka rataya a aji ba tare da wannan bayani ba. A yau da kowane ɗalibin digiri na biyu zai iya fitar da taswira cikin 'yan mintoci, nauyin zaɓin ya dawo kan manazarci: ya tantance abin da taswirarsa za ta kiyaye, ya zaɓi tsarin da ya dace da tambayarsa, sannan ya rubuta sunan tsarin a ƙasan taswirar domin mai karatu ya sani.